Talauci ne ya danne matasanmu, ko su ne suka sallama tun ba a kara ba?

Mai_Sola_Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan faɗe ta, mai zagi ya zaga. A ganina ba rashin jari ne ya fi kassara matasanmu na Sakkwato ba. Hukuncin da yaro ke yanke wa kansa tun bai gwada ba, shi ne babbar cutar.

Sana'ata haɗa wutar sola, kuma tun da mai ya yi tsada mutane suka jingine janareto aiki ya fi ƙarfina. Ina neman yaran da zan koya wa, ko sisi ba na karɓa. Suna zuwa kuwa. Ɗaukar faifai, hawa rufi da rana tsaka, jan waya, duk ba su da matsala. Amma ranar da na ce a zauna a lissafa kayan da gida ke buƙata, sai ka ji, "Oga, ni fa kaina ba ya ja." Washegari ka neme shi ka rasa.

To wane lissafi ne? Fanka biyu, kowace wat 60, ya kama 120. Ƙwan fitila shida, kowane wat 10, ya kama 60. Ka haɗa, 180. Mai gida na son su kwana a kunne awa 8, ka ninka, 1,440. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400, amma in na ruwa ne rabi kawai ake so a sha don kada ya mutu da wuri, wato 1,200. Ka ga batir ɗaya bai isa ba. Iyakarta ke nan fa. Yaron da ya ce wannan ya gagare shi, shi ne zai tsaya a Kara ya fitar maka da la'adar garken raguna da ka, bai taɓa waya ba. Wa ya gaya masa kansa ba ya ja?

Yar_Gawon_Nama:
Wa alaikumus salam. Wallahi gaskiya ka faɗa Malam. Ƙanena na gida haka yake, in ka ce ya cike fom sai ya ce "ai an riga an raba wa 'ya'yan manya." Bai cike ba balle a hana shi.

Kabukabu_Mai_Digiri:
Da girmamawa Oga Mai Sola, amma irin wannan magana ce ke ƙona mini rai. Ni ban taɓa cewa kaina ba ya ja ba. Na yi jami'a, yajin aikin malamai na 2022 ya ci mini wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na haƙura na gama, na yi bautar ƙasa. Na cike fom har na daina lissafi. Da na ga zama ba zai yi ba na ɗauki babur ɗin wani ina kabu-kabu ina kai masa balas kullum da yamma. Ga shi kuma tun 29 ga Mayu 2023 an cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Wane tunani nawa ne ya jawo wannan?

A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, wanda ke duba lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi. Sakkwato ce kan gaba a duk Nijeriya da kashi 91 cikin 100. Mutum tara cikin goma ba za su haɗa baki su yi gurɓataccen tunani a lokaci guda ba. In ka ce wa talaka matsalarsa a kansa take, ka wanke waɗanda suka kamata a tuhuma ke nan, ka bar shi yana zargin kansa.

Sarkin_Tsokana:
An fara 😂 Jira nake wani ya zo ya ce ya fara kasuwanci da ƙwai ɗaya yanzu yana da gidan gona.

Mai_Sola_Mabera:
@Kabukabu_Mai_Digiri ƙanena, ba da irinka nake ba. Kai da ka aje kwali ka hau babur ai ka riga ka tsallake abin da nake magana a kai. Abokan karatunka nawa ne suke zaune a majalisa suna cewa wannan aiki ya yi musu ƙanƙanta?

Kabukabu_Mai_Digiri:
Na tsallake, to ina nasarar? Abin da nake nufi ke nan.

Malam_Na_Zaure:
Bismillah. Bari in shigo ta inda na ɗan sani. Abin da na fi ji a bakin matasa ba "kaina ba ya ja" ba ne, "ba rabona ba ne" da "Allah bai yi ba" su ne. Kalmomin gaskiya ne, amma ana ajiye su ba a muhallinsu ba. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, ko da yake kowanne akwai alheri a tare da shi. Ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. Sannan ya ce idan wani abu ya same ka, kada ka ce da na yi kaza da kaza ta faru, ka ce Allah ne ya ƙaddara. Ku duba jerin. Kwaɗayin abu mai amfani da farko, neman taimako, rashin gajiya, sai a ƙarshe maganar ƙaddara bayan abu ya auku. Mu kuwa da ƙaddarar muke buɗewa. Wa ya leƙa Lauhul Mahfuz ya dawo ya gaya maka ba rabonka ba ne?

Kuma mu mutanen wannan gari bai kamata a koya mana wannan ba. Jama'ar Shehu sun bar Degel zuwa Gudu a 1804 ba su da ƙasa. A Tsuntsuwa an yi musu ɓarna mai tsanani, mahaddata da yawa suka yi shahada, a Alwasa ma an sha wuya, ga yunwa. Sai 1808 Alƙalawa ta faɗi. Da sun karanta Tsuntsuwa a matsayin "Allah bai yi ba", da babu garin da muke zaune cikinsa.

Amma @Kabukabu_Mai_Digiri yana da gaskiya a wuri guda. Addini bai ce a rufe ido ga zalunci ba. Shugaba zai amsa tambayarsa, kai ma za ka amsa taka.

Yar_Gawon_Nama:
Allah shi gafarta Malam, a ba ni izini in tura wa ƙanen nan nawa.

Bakon_Gabas:
Ina karantawa ina jinjina kai. Mu daga gabashin Sakkwato muka taso, wajen Sabon Birni. Mahaifinmu yana noma abin da za mu ci shekara har a sayar. Yanzu gonar tana nan, ba mai iya zuwa. Shanun huɗa an kore su. Muna rakuɓe a ɗakin haya biyu a bayan gari, tsohon da yake ciyar da gida guda yau sai an miƙa masa. Ku gaya mini wane tunani zai canza don ya koma gonarsa.

Mai_Sola_Mabera:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ba ni da amsar da zan ba Baba, kuma ba zan yi ƙaryar ina da ita ba.

DanWurno_Mai_Albasa:
Allah shi kyauta, Allah shi maida ku gida lahiya @Bakon_Gabas.

Ni wagga gardama taku kowa na da gaskiya rabi. Can da, tsakanin Illela da Ƙonni nike hidimata, ban san wata hanya ba. Da anka ruhe boda watan Agusta 2019, sai ni zamna. Ga albasa cikin rudu tana tsiro tana ruɓewa, ni ko kullum ina bakin titi ina jiran a buɗe. Abokaina sunka ce mu loda mu tahi Kudu, nic ce ina ni ina Ikko, ban jin Turanci, ban jin Yarbanci, cuta ta za a yi. Wallahi babu wanda yah hana ni, ni nih hana kaina. Sai da nig ga jarin na ƙarewa sannan nib bi wata mota, bisan kaya niz zamna har Mile 12. Mi nit tarar? Hausa aka yi cikin kasuwar awa kana Achida. Dillali Bahaushe, mai sauke kaya Bahaushe, mai shayi ɗan Gwadabawa. Matan da ka saye kuwa, lissahi ɗai suka so, ba nahawu ba. Sadda anka buɗe Illela Disamba 2020, na riga na yi abokan ciniki can. Da anka sake ruhewa 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ban girgiza awa na farko ba.

Amma in hwaɗi gaskiya saboda Allah, kuɗin mota da na lodi kawuna ya tsaya man, shi yac ce a ɗora kayana shi ka biya in ta ɓaci. Wanda bai da kawu hwa? Nan ni ma ban sani ba.

Kabukabu_Mai_Digiri:
Na gode Alhaji da ka faɗi na ƙarshen nan. Yawancin masu ba da labarin nasara a nan suke yin shiru. Kowa "da kaina na tashi", ba mai ambaton kawu.

DanWurno_Mai_Albasa:
Kawun na nan tun ranar da anka ruhe bodar, ɗana. Ni ne ban tahi wurinai ba sai da wuya ta kai wuya.

Malamar_Tarbiyya:
Ni darasin halayyar ɗan Adam nake koyar da masu shirin zama malamai, bari in kawo abu biyu da masana suka gano, don kowane ɓangare yana da abin riƙewa.

Na farko, a 1967 wasu masu bincike a Amurka, Martin Seligman da Steven Maier, sun yi gwaji da karnuka. Wasu an sa su inda wutar lantarki ke ɗan jan su kuma duk abin da suka yi ba ta tsayawa. Wasu kuma an ba su abin da za su danna ta tsaya. Daga baya aka sa su duka a akwatin da tsallake ɗan shinge kawai zai fitar da su daga wutar. Waɗanda suka saba da dannawa suka yi tsalle suka fice. Yawancin na farkon kuwa suka kwanta suna kuka, ga hanya a buɗe. Abin lura, ba haka aka haife su ba, abin da ya same su ne ya mai da su haka. A 2016 mutanen biyu suka sake duba aikinsu bisa abin da aka gano game da ƙwaƙwalwa, suka ce sallamawa ita ce abin da jiki ke yi da kansa idan wahala ta daɗe. Abin da ake koyo shi ne sanin cewa aikina yana canza wani abu, kuma ana koyonsa ne ta hanyar yin abu a ga ya yi tasiri.

Na biyu, wani bincike da aka wallafa a 2013 kan manoman rake a Indiya. An gwada kaifin tunanin manoman kafin girbi lokacin da bashi ya yi musu katutu, aka sake gwada su bayan sun sayar sun karɓi kuɗi. Mutanen nan dai su ne, amma bayan girbi sun fi ƙoƙari a gwajin. Wato damuwar rashi da kanta tana cinye wani kaso na hankali.

Don haka @Mai_Sola_Mabera, abin da ka gani a yaranka gaskiya ne, yana nan. @Kabukabu_Mai_Digiri kuma, asalinsa daga halin da ake ciki ne, kamar yadda ka ce. Shawarata Malam Mai Sola, kada ka yi musu wa'azi, kuma kada ka kira abin "lissafi". Ka ba yaro ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya ka ce ya gaya maka wat nawa ke nan. In ya faɗa daidai, gobe ka ƙara masa awa. Ranar da ya fitar da na gida guda sai ka gaya masa abin da ya yi.

Sarkin_Tsokana:
Malama yanzu karnuka muka zama? A Sakkwato? 😂 A nemo mana misali da raƙumi don Allah.

Malamar_Tarbiyya:
Kai dai ba ka rabo da shirme. An yi makamancinsa da mutane, da ƙara mai damuwa maimakon wuta, sakamakon ya yi kama.

Baba_Tsohon_Hedimasta:
Malama ta yi bayani. Ni zan amsa ainihin tambayar da aka yi tun farko, wato wa ya gaya wa yaro kansa ba ya ja. Amsa: an gaya masa ne, da baki, yana ɗan shekara bakwai ko takwas. Na yi aikin firamare har na yi ritaya, na san abin da nake faɗa. Aji cike maƙil, malami ɗaya, yaro ya zo daga gidan da ba a jin ko kalma ɗaya ta Turanci, a rubuta masa tambayar lissafi da Turanci a allo. Bai gane tambayar ba, ba lissafin ne ya gagare shi ba. Sai a ce daƙiƙi, a sa 'yan aji su yi masa waƙa. Ya koma gida da sakamako, uba ya ce ai dama gidanmu ba a boko. Shekara goma ana maimaita masa, ya za a yi ya ƙi yarda?

Na sha ganin yaron da ake kira daƙiƙi da safe, da yamma yana zuba hadda a makarantar allo ba gargada. Ƙwaƙwalwar da ta riƙe izu goma ba za a ce ba ta riƙe jadawalin ninkawa ba.

Ummu_Yan_Biyu:
Baba kamar ka san labarina. Wata malama ce ta ce mini a gaban aji, "ke dai a yi miki aure kawai." Na riƙe maganar nan kamar aya. Aka yi auren ina aji uku na sakandare, da ya mutu na dawo gida da yara biyu, ba takarda ba sana'a. Abin da ya fi ci mini rai ba rashin kuɗi ba ne, kunya ce. Ina ganin in na koma aji za a ce ga uwar mata.

Maƙwabciyarmu ce ta ja ni zuwa cibiyar ci gaban karatun mata da ke nan cikin gari. Ranar farko na zauna can baya na ja hijabi har goshi. Da aka ce kowa ta karanta layi ɗaya, layin yana matsowa kusa da ni gabana yana faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe har takardar ta yi laushi. Matar da ke gabana, ta kusa haihuwata, ta tashi ta yi ta tuntuɓe a kan kalma ɗaya, ta yi dariya ta ce a sake faɗa mata. Ba wanda ya yi mata dariya. Da aka zo kaina na karanta, muryata na rawa, aka wuce ta gaba kamar ba a yi komai ba. Daga nan ne abin ya sake ni.

Na rubuta NECO, lissafi ya riƙe ni, na sake. Yanzu ina karatun kiwon lafiya, da dare ina daka yajin tafarnuwa ina sa wa a roba ina tallarsa a WhatsApp. Ban yi arziki ba, kada Sarkin Tsokana ya ce na fara da ƙwai ɗaya. Amma kuɗin makarantar yarana ba na roƙon kowa.

Sarkin_Tsokana:
A'a Hajiya, ke kam na sara miki. Nawa ne robar yajin?

Dan_Kanwuri:
Ku ɗauki misalin Sardauna. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, aka naɗa Sarki Abubakar na Uku. A 1943 aka zarge shi kan kuɗin jangali har aka yanke masa hukuncin ɗauri, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. Wani ne da shi ke nan ya mutu a tsaye. Amma a 1954 shi ne Firimiyan Arewa.

Kabukabu_Mai_Digiri:
Yallabai, Allah ya jiƙan Gamji, amma jinin Shehu ne, ya yi Kwalejin Katsina, ya riƙe hakimcin Rabah tun yana saurayi. Faɗuwar irinsu daban, ta ɗan kabu-kabu daban. Labarin @Ummu_Yan_Biyu ya fi shiga jikina sau ɗari. Ita ma ku lura, akwai makarantar da ta karɓe ta. Da babu fa?

Ummu_Yan_Biyu:
Makarantar ta daɗe a wurin, Yaya. Ina wuce ta a hanyar asibiti ina kau da kai.

Baduku_Jikan_Baduku:
Ni wani ɓangare nika son a duba, raina sana'ar gado. Hwatar jar akuyarmu ta Sakkwato, tun zamanin ayari aka ɗaukar ta a ƙetare Sahara, Turawa na saye hannun mutanen Maroko suna ce mata hwatar Maroko. Tamu ta. Majema su jeme ta da bagaruwa, a rina da karan dahi, mu dukawa mu yi tumtum da jaka da takalmi da kayan doki. Yau ɗan baduku na jin kunyar a gane shi da basilla ga hannu. Ya gwammace shi tsaya bakin ofis shina "Allah shi ja zamanin Honorabul". Wancan kuma da ba gadonsu na ba, ko yunwa za ta kashe shi ba shi koyo, wai gidansu ba a jima, ba a fawa, ba a ƙira. In an zo neman aure a ce a bincika asali. To wanga ba tunani na ba? Gwamnati ta aza muna shi?

Ɗana na biyu shi yaf fara ɗaukar hoton kayanmu shina sawa Instagram. Nic ce mai wasa kakai. Yanzu daga Abuja aka aiko da awon ƙahwa.

Yar_Gawon_Nama:
Baba Baduku ka taɓo babba. Mu mata mun fi kowa laifi a nan, mu ke cewa ba mu auren mahauci.

Injiniyan_Kalambaina:
Tunda ga masu sola a kusa, don Allah batirin lithium da na ruwa wanne ya fi jure zafin garin nan? Nawa na ruwa bai yi shekara biyu ba ya kumbura.

Mai_Sola_Mabera:
Lithium ya fi daɗewa kuma ana shan kaso mafi yawa na abin da ya ɗauka, sai dai tsada. Kowanne ka saya kada ka ajiye shi a ɗakin da ba iska. Zafin Afrilu ba ya barin batir.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a koma kan maudu'i. Mai tambayar batir ya bi Oga ta akwatin sirri.

Yar_Asibiti:
Ina so in ja hankali kan wani abu kafin a wuce. Ba duk wanda ya kwanta ya daina motsi ne malalaci ko mai mutuwar zuciya ba. Akwai ciwon damuwa, ciwo ne kamar hawan jini. Mutum ya yi makonni ba ya jin daɗin komai, barci ya lalace, abinci ya fita ransa, yana ganin kansa ba shi da amfani. Irin wannan in ka ce masa "tashi ka nema" ƙara masa kake yi. @Bakon_Gabas, ku sa ido a kan Baba da ma matan gidan, waɗanda suka ga tashin hankali suka bar gidajensu suna cikin haɗarin wannan. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba na masu fizge-fizge kaɗai ba ne, ana zuwa a ga likita a koma gida a ranar.

Kan ainihin gardamar kuma, ga misali a garin nan. Mulikat Okanlawon cutar noma ta ci mata fuska tana ƙarama. A asibitin Noma na nan Sakkwato aka yi mata aiki a kai a kai, ta yi karatu, ta dawo tana aiki a asibitin, ita da wasu suka kafa ƙungiyar waɗanda suka tsira daga cutar. Suna cikin waɗanda suka yi ta fafutuka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023, kuma a 2024 mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya. Ƙarfin zuciyarta ba a magana. Amma ƙarfin zuciya ba ya ɗinke fuska, sai da likita ya sa hannu. Haka nan likita ba zai iya fitar da ita gaban jama'a ta yi magana ba, wannan nata ne.

Bakon_Gabas:
Na gode 'yar'uwa. Gaskiya Baba ba ya barci, kuma ya daina zuwa masallaci cikin mutane. Mun ɗauka tsufa ne. Zan yi wa yayanmu magana.

Ni kaina ina bin wani mai gini ina ɗaukar bulo. Ya ce in koyi ɗora bulon da auna kusurwa, nake ta ja da baya, a raina ni manomi ne zan koma gida. Ban sani ba ko wannan ma yana cikin abin da kuke faɗa.

Baba_Tsohon_Hedimasta:
Ɗana ka koya. In Allah ya mai da ku gida, can ma za a yi gini, ai an rushe da yawa.

Amaryar_Dambuwa:
Na zo a makare, na karanta tun daga sama. @Ummu_Yan_Biyu don Allah ana karɓar matan aure a makarantar nan? Ƙanwata ce take so ƙwarai, kanta yana ja sosai, amma maigidanta ya ce matarsa ba za ta fita boko ba, abin kunya ne a danginsu.

Ummu_Yan_Biyu:
Ana karɓa, su ne ma suka fi yawa a ajinmu. Amma kada ta yi fito-na-fito da shi. Ta nemi wanda yake jin nauyinsa, kawunsa ko malaminsa. Wata a ajinmu surukarta ce ta tsaya mata, ita ke riƙe mata yara ma.

Malam_Na_Zaure:
A tuna masa cewa a ƙasar nan Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, jajojinta, wato matan da ke jagorantar ɗalibai mata, suna tasowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da matan aure a gidajensu. In dai kunya ce, ba daga gidan Shehu ya gado ta ba. Amma a bi shi da lalama, a kuma ji ainihin abin da yake tsoro, wani lokaci hanya ce ko kuɗin abin hawa yake ɓoyewa a bayan maganar dangi.

Kabukabu_Mai_Digiri:
To Oga Mai Sola, ga wadda ta yarda da kanta ɗari bisa ɗari kuma tana zaune a ɗaki. Ita ma tunaninta ne?

Yar_Gawon_Nama:
Na mijinta ne. Shi kuma ba cire tallafin mai ne ya sa masa ba.

Kabukabu_Mai_Digiri:
Malam ya ce wataƙila kuɗin abin hawa ne. Daga Dambuwa zuwa cikin gari kullum, zuwa da dawowa, ni na san nawa muke karɓa.

Amaryar_Dambuwa:
Yana da babur nasa na kansa fa.